Yadda Turanci Ya Sa Na Shiga Gaban Surukina

Jikata ce ta tayar mini da wannan tunani. Tana zaune a dokin ƙofa bayan la'asar, waya a hannunta, wata murya a cikin wayar tana faɗin magana da Turanci, ita kuma tana juya maganar ta koma tambaya. Muryar ta ce "You are going", yarinyar ta ce "Are you going?" sai wayar ta yi wani ɗan kuka irin na tsuntsu, alamar an yi daidai. Na daɗe ina saurare daga kan tabarmata. Ni ban yi karatun boko mai nisa ba, na allo ne sai wani ɗan ajin manya da na shiga a nan Azare ina sabon magidanci. Amma wannan juyin da take yi na san shi, kuma a ƙafata na fara saninsa kafin ya shiga kaina.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Mu idan za mu yi tambaya ba ma tashin kowa daga wurinsa. Ka ce wa mutum "ka ci abinci", ka sake ce masa "ka ci abinci?", kalmomin suna zaune inda suke, murya ce kawai ta ɗan ɗaga a ƙarshe. In ka ga dama ka ƙara "ko" ko "shin". Fulanin da muka tashi tare da su wani ɗan abu suke liƙawa a wutsiyar magana, Barebari ma haka na ji suna yi. Sai Turawa, su kam suka ga ba za a yi tambaya ba sai an ɗauko wata ƙaramar kalma daga tsakiya an kai ta gaban mai maganar. Na sha kwanciya ina tunanin wane ne ya fara yanke musu wannan hukunci, kuma me ya gani.

Ƙila abin ya fi damuna ne don mu ba a cikin tambaya muka tashi ba. A gidanmu da asuba abin da kake ji shi ne ƙarar guga a bakin rijiya, da luguden taɓarya daga gidaje uku a lokaci guda, da tarin kakata tana hura wuta. Ba ka jin muryar yaro yana cewa don me. Idan na buɗe baki zan tambayi yadda ake tufka igiya ko yadda ake ɗaurin tanka, kakata takan ce, "Rufe bakin nan ka zauna kusa da mai yi, ai ba a ɓoye yake yi ba." Haka muka koyi komai, da ido. Babba in ya saka takalmi ya ɗauki sanda, ba a ce masa ina za shi, a dawo lafiya kawai ake cewa. Yanzu kuwa mijin 'yata yakan bugo mini waya, kafin na gama amsa sallama ya ce, "Baba, kana ina? Ka sha maganin?" In ya zo gida ya zauna a tabarmata mu sa hannu a kwano ɗaya. Ban ce ya yi laifi ba, yaron kirki ne. Ina dai kallonsa ne ina tuna cewa ni a shekarunsa, in na hango surukina a kan hanya, lungu nake faɗawa. In babu lungu, in tuɓe takalmi in durƙusa, idona a ƙasa har sai ya wuce. Ba na ci a gabansa, ba na sha, ba na kama sunansa ko da wani ne mai irin sunan.

Surukin nan nawa maɗinki ne na hannu, huluna da wuyan riga. Asalinsa Bafillace ne daga wajen Giade, amma ya daɗe da zama a gari, yana da 'yar rumfa kusa da kasuwa. Idonsa na hagu ya riga ya mutu tun kafin na auri 'yarsa. Yanar ido ce ta rufe shi, sai wani mai maganin ido da ke bin kasuwanni ya sa tsinke ya ture yanar. Ya ɗan ga haske na wasu kwanaki, daga baya idon ya kumbura ya tafi gaba ɗaya. Yanzu ga na dama shi ma ya fara hazo, har ya kai matarsa, wadda muke kira Inna, ita ke zura masa zare a allura. Duk wannan ba daga bakinsa na ji ba. Shi ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa matata, matata ta gaya mini tana tsince shinkafa ba ta kalle ni ba.

A lokacin akwai wani likitan ido, Ba'indiye, da yakan zo asibiti lokaci-lokaci. An kai surukina wurinsa sau ɗaya, ya dawo ransa a ɓace. Ya ce ya yi doguwar tambaya, tafinta ya mai da ita kalma biyu. Likita ya ba da doguwar amsa, tafinta ya ce, "Ya ce ka dawo bayan kaka a yi aiki." Ban ga laifin tafintan sosai ba, layi ne har waje, tun safe yana magana. Amma tsohon ya ce ido ɗaya ya rage masa, kuma ba zai kwanta a ƙarƙashin wuƙar mutumin da bai tambaya da bakinsa ba. Mai tsinke dai ana iya magana da shi da Hausa, kuma abokan rumfa suna ta ce masa wancan karon ƙaddara ce, ya sake gwadawa. Abin da ya sa dattijo mai furfura ya ɗauki sandarsa ya nufi ajin manya ke nan.

Ni kuma na riga shi shiga ajin. Ina aikin masinja a wani ofis, an ce in na iya Turanci za a iya mai da ni wajen sito. A ɗakin 'yan firamare muke yi bayan la'asar, manya-manyan mutane a kan ƙananan bencina, gwiwa tana taɓa haɓa. Ranar da na ga sandarsa ta shigo kafin shi, ban san lokacin da na sulale zuwa layin baya ba, na laɓe a bayan wani mahauci mai faɗin kafaɗa. Na san ba ya ganin nesa, amma kunnensa ya fi na kowa, don haka na daina amsawa da ƙarfi, sai leɓe kawai nake motsawa. Shi kuwa ba ya ganin allo, da kunne yake ɗauka, kuma yana ɗauka da sauri. Kusa da shi akwai wani Babarbare mai gyaran keke, wanda bai taɓa barin wasan da ke tsakaninsu da Fulani ya wuce shi ba. "Malam, ka yi a hankali da wannan," yakan ce wa malamin aji, "Hausar ma jiya ya koya, da shanu yake hira." Surukina ya ce, "Ka ji bawana. Ka bari in gama, sai in koya maka, ka riƙa gaishe ni da Turanci."

Malamin ajin saurayi ne daga Misau, sabon zuwa, bai san waye wane ba. Yana da wata dabara da muke so. Ba ya rubuta jimla a allo kawai, sai ya fitar da mutane, kowa ya zama kalma ɗaya, su jera suna fuskantar aji, kowa ya faɗi tasa. In za a mai da ita tambaya, sai ya ce wane ya fito ya koma gaban wane. Ana dariya, ana ture-ture, amma ba a mantawa.

Rannan surukina ya ɗaga sanda ya ce, "Malam, yaya ake cewa zan gani?"

Malamin ya ji daɗi. Ya ce, "Taso, Malam, da kai za mu yi." Ya ba shi "I". Ya kira mai gyaran keke ya ba shi "see". Ya duba yana neman na tsakiya. "Kai na baya can, mai ɓuya a bayan mahauci kullum. Fito."

Na fito kamar wanda ake ja da igiya. Da na zo kusa na tuɓe takalmina, na tsaya a tsakaninsu a ɗan rusune. Malamin ya ba ni "will". Surukina ya faɗi tasa da ƙarfi. Aka zo kaina, na faɗi tawa can ƙasa, amma ya isa. Na ga tsohon ya sunkuyar da kai. Ya gane muryar.

"Madalla," in ji malamin. "Wannan magana ce. Yanzu tambaya. Kai 'will', fito ka bi ta gaban Malam ka tsaya a farko, shi ya biyo bayanka."

Ƙafata ta ƙi ɗagawa.

"Ba ka ji ba ne? Shiga gabansa mana."

Sai mai gyaran keke ya tafa hannu. "Malam, ka san abin da kake cewa kuwa? Uban matarsa ne fa! Kai, yau na yarda da Turanci. Abin da Barebari suka kasa yi wa Bafillace tun kaka da kakanni, ga shi ya yi, ya sa yaro a gabansa!"

Aji ya kece da dariya, har mahauci yana dukan benci. Malamin ya dafe baki yana cewa a yi masa afuwa, bai sani ba. Ni dai ƙofa na gani. Sai da na kai bakin masallacin unguwarmu na lura ba takalmi a ƙafata.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda har yau in na tuna nake rasa ko dariya zan yi ko tsaki. Na yanke shawara a raina cewa zan bar masa ajin. Shi idonsa yake nema, ni sito kawai nake nema, sito zai jira. Ban gaya wa kowa ba. In la'asar ta yi sai in fita kamar kullum, in je tasha in zauna ina kallon ana loda buhuna a motocin Misau da Disina, in dawo da magariba, ina jin kaina mutumin kirki. Ashe shi ma ya je gida ya ce wa Inna, "Yaron nan yana da rayuwa a gabansa, ba zan zame masa ƙaya a aji ba." Ya koma rumfarsa ya zauna. 'Yan aji suka ɗauka mu biyun fushi muka yi, kowa ya ji nauyin zuwa ya tambaya. Aka yanke gero, aka fara ɗaure dammuna, benci biyu suna nan babu kowa a ajin da ake koyar da tambaya, kuma tambaya ɗaya da ta isa ta warware komai babu mai bakin yinta.

Matata ce ta gano. Ta je gida taya sussuka, Inna ta ce mata, "Ki ce wa mutumin naki ya dage da karatu, tunda an bar masa wurin." Matata ta ajiye taɓarya ta ce, "Wa ya bar wa wa?" A nan kuma ta ji cewa mai tsinke ya dawo gari, tsohon ya ce tunda Turancin bai yiwu ba, ranar kasuwa mai zuwa zai ba shi idon.

Ta same ni ina alwala. Tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa tambayata inda za ni ba, sai ranar.

"Wai ina kake zuwa kullum da la'asar?"

"Makaranta mana."

"Makarantar tasha? An ce har ka iya lodin gyaɗa." Ta tsaya a kaina. "Kai ka gudu don shi, shi ya gudu don kai, ido kuma za a kai wa mai tsinke ranar kasuwa. Wannan kunyar taku in ta makantar da Baffa, kai za ka riƙa ja masa sanda?"

Butar da ke hannuna ta ƙare ban gama wanke ƙafa ba.

Inna ce ta samo hanya. A gidansu akwai zana tsakanin tsakar gida da turken awaki. Ta sa aka ce in koma aji, duk abin da aka koya in kawo shi da hantsi ranar da ba aiki, ko da yamma kafin magariba, in shigo ta ƙofar baya in zauna wajen awaki. Shi kuma ta shimfiɗa masa buzu a ɗaya gefen. Ta tsaya a tsakiya inda take ganin mu duka ta ce, "To, babu wanda ya ga wani. Mai jin kunya ya ji ta da zana." Ta koma madafi.

Awaki suna ta tuƙa. Can na ji ya gyara murya ya ce, "Likita, sannu da zuwa." Na ce, "Yauwa." Ya ce, "Na yi tunani, na ga Turancin nan ba shi da suruki. In da shi muke magana, kai likita ne, ni mai ciwon ido. Bismilla."

Haka muka yi ta yi. Ya faɗi abin da yake son tambaya da Hausa, in kai wa malamin aji, in dawo da shi. Zan gani? Zan iya ɗinki? Ka taɓa yi wa wani irin wannan aiki? In bai yi ba, me zai faru? Wani lokaci yakan manta ya bar kalmomin a zaune, in ce daga bayan zana, "Ba a juya ba." Wata akuya mai ƙaho ɗaya ta cinye mini gefen riga ina cikin zama likita. Wata rana ya ce, "Likita, me ya sa sai ƙaramar ta riga babbar?" Na ce wallahi ban sani ba, malamin ma cewa ya yi haka abin yake. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce, "Ina ga kamar in za ka je neman abu wurin babban mutum ne. Ba ka faɗa masa kai tsaye, sai ka tura wani gaba ya yi maka sallama." Daga ranar bai ƙara mantawa ba. In zai fara, sai in ji yana ce wa kansa a hankali, "Tura ɗan aiken tukuna." Ban san ko haka ne dalilin Turawa ba, amma ban taɓa jin wanda ya fi shi zama a kai ba. Ranar kasuwa ta zo ta wuce bai je wurin mai tsinke ba, bai kuma ce ya fasa ba. Cewa ya yi sai ya ji bakin likita.

Da likitan ya dawo, Inna ta ce ni zan raka shi. Muka zauna a layi tun sanyin safiya, shi a benci, ni a ƙasa can gefe, ina jin yana maimaitawa a ƙarƙashin numfashi. Da aka kira mu, tafinta ya buɗe baki zai fara, tsohon ya ɗaga masa hannu a hankali. Ya juya inda yake jin motsin likita ya ce, "Doctor, will I see?"

Likitan yana rubutu ne. Ya ajiye alƙalami, ya jawo kujera har gwiwarsu ta kusa haɗuwa, ya fara magana. A nan muka gane abin da ba mu yi tunaninsa ba a bayan zana: mun koyi tambaya, ba mu koyi jin amsa ba. Ko kalma uku ban kama ba. Amma likitan ya lura, ya ce wa tafinta wani abu, sai ya riƙa faɗa guntu-guntu yana tsayawa, tafinta yana mayarwa duka. Ya ce za a cire yanar ne gaba ɗaya, ba turawa ciki za a yi ba. Ya ce hanya da fuskokin mutane yana sa ran zai gani, da tabarau mai kauri. Surukina ya tura ɗan aike na biyu: "Can I sew?" Likitan ya karkaɗa kai irin nasu, wanda ba i ba ne ba kuma a'a ba. Tafinta ya ce, "Ya ce babban ɗinki ƙila. Kafar allura da ƙananan zane, ba zai yi maka alkawari ba."

Tsohon ya shafa kan sandarsa. Sannan ya ce wa tafinta da Hausa, "Wancan na kasuwa komai ya ce zan gani, har ƙwayar gero a cikin yashi. Wannan ya ba ni rabi ya riƙe rabi. Ka ce masa na yarda."

Bai ƙara zura allura da kansa ba har ya bar duniya. Inna ta ci gaba da zura masa, ya koma ɗinkin da ba ya son ido sosai, yana zuwa masallaci ba mai riƙe masa sanda. Mu kuma muka koma yadda muke. Ban sake zama a turken awaki ba, in na hango shi da tabaransa sai in faɗa lungu. Yanzu da na kai shekarunsa nakan ji zafin haka. Akwai abubuwa da yawa da na so in sani, yadda ya bar shanu ya kama allura, wa ya koya masa, me ya fito da shi daga Giade. Ƙofar ta buɗe mana sau ɗaya, da Turanci ma, na bari ta rufe ban tambayi komai nawa ba.

Sai dai ina da ranar da aka kwance masa ido. Ya yi kwanaki a kwance ba a bari ya motsa kai ba. Da aka cire bandeji aka ɗora masa tabarau na gwaji, ina durƙushe a bakin ƙofar ɗakin, Inna da matata suna gefen gado. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya kalli Inna ya ce, "Kin tsufa." Ta ce, "Kai ma in an ba ka madubi ka ga naka." Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya juyo wajen ƙofa.

"Wane ne wancan?"

Inna ta ce, "Likitanka ne na wajen awaki."

Ban san abin da ya shige ni ba, na ɗaga kai. Muka kalli juna sosai, ido cikin ido, ni da uban matata. Idon nasa ya yi girma a bayan gilashin, ja, yana ruwa, amma yana gani. Ya dube ni daga hula har ƙasa kamar yana duba ɗinkin wani.

"Ashe haka yake," ya ce wa Inna. "To, ba mu yi asara ba."

Ya juya fuskarsa wajen bango, ni kuma na mai da idona ƙasa.